Tarihin Masu Haƙar Rijiyar Mai

Da wuya a sami gida a ƙasar nan, ko a birni ko a ƙauye, wanda bai taɓa amfani da abin da ya fito daga rijiyar mai ba. Kananzir na fitila, da fetur na mota, da baƙin mai na injin niƙa, da kwaltar da a ke malala wa hanya, duk uwarsu ɗaya, watau ɗanyen man da ke kwance cikin duwatsu can ƙarƙashin ƙasa. Mai saye ya san kuɗin kwalba, gwamnati ta san kuɗin ganga, amma kaɗan ne suka san irin wuyar da a ke sha kafin ɗigo ɗaya ya hau sama. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. To, a wannan sha'ani masu cin zomon daban ne, masu gudun daban. Nufinmu a nan mu bi tarihin masu gudun, mu ga yadda aikinsu ya faro, da yadda ya sauya, da abin da ya ci musu.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiyar ruwa ana cikin gininta ya riga ya ga tushen al'amarin. Mutum ɗaya yana ciki yana sara, biyu ko uku suna baki suna jan ƙasa, ransa kuwa yana hannun masu igiya. Rijiyar ruwa mai gaba 20 a kan ce ta yi zurfi. Rijiyar mai ta kan kai gaba 2,000, wata ma ta ninka haka.

Zamanin Hannu da Gora

Mutanen ƙasar Sin ne suka riga kowa gwanintar huda ƙasa da zurfi, ko da ya ke su gishiri su ke nema. A lardin Sicuwan akwai ruwan gishiri a ƙarƙashin dutse. Dabararsu ita ce su ɗaure wani ƙarfe mai nauyi da kaifin baki a igiyar da aka yi da tsagin gora, su rataya igiyar a bakin wani dogon katako da aka gicciya bisa gungume kamar sikeli. In ƙarti suka hau ɗaya bakin katakon sai ƙarfen ya ɗaga, in suka dira ya faɗa wa dutse. Haka za su yi ta hawa suna dira kamar masu lugude, waɗannan su gaji waɗansu su karɓa, wata da watanni, shekara da shekaru. Da wannan haƙar daka ne a cikin 1835 suka kai wata rijiya a Zigong zurfin da ya wuce ƙafa 3,000, alhali bakinta bai fi tafin hannu faɗi ba. Iskar gas da ta fito daga irin waɗannan rijiyoyi da ita su ke dafa gishirin.

A ƙasar Bama kuwa, a Yenangyaung kusa da kogin Irawadi, man kansa a ke nema, kuma shiga a ke yi. A kan gina rami da hannu, a daɓe bangonsa da katako, a zura mutum da igiya har ƙafa ɗari biyu ko uku. Warin mai da ƙarancin iska ba su barinsa ya jima, ɗan sara kaɗan zai yi a jawo shi ya huta, wani ya sauka. Man a tukwanen ƙasa a ke ɗebo shi, masu jan igiya su riƙe ta su gangara tudu da ita har tukunya ta iso baki.

Drake da Maƙerinsa

Sana'ar mai ta zamani a ƙasar Amurka ta tsiro, a wani ƙauye mai suna Titusville cikin jihar Pensilbaniya. Wani kamfani ya aiki Edwin Drake, wanda dā ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya je ya gwada haƙar mai yadda a ke haƙar ruwan gishiri. Drake ba shi da sanin haƙa, sabo da haka ya nemo wani maƙeri, William Smith, wanda ya saba aikin rijiyoyin gishiri, a kan ladan dala 2 da rabi a yini. Smith ya ƙera kayan aikin da hannunsa, ya zo da 'ya'yansa suna taya shi. Da fari ruwa da rairayi suka yi ta rufta ramin, sai suka kafa bututun ƙarfe suka yi ta dukansa har ya taɓo dutse, sa'an nan suka zura ƙarfen haƙa ta cikinsa. Injin tururi ke ɗaga ƙarfen yana saki, kuma kimanin ƙafa 3 su ke ci a yini, mutanen gari suna ta yi musu dariya. Ran 27 ga Agusta 1859, da aka kai ƙafa 69 da rabi, aka tashi aiki. Kashegari Smith ya leƙa bututun ya tarar mai ya taso. Littattafai sun riƙe sunan Drake, har rijiyar ma da sunansa a ke kiranta, ga shi kuwa shi kansa bai yi arziki da ita ba, a kan ɗan fenshon da jihar ta yanka masa ya ƙare kwanansa a 1880.

Cikin 'yan shekaru kwarin nan ya cika da hasumiyoyin katako. Ko wace rijiya mutum biyu ke kanta a lokaci guda, su yi sa'a 12, daga tsakar rana zuwa tsakar dare, waɗansu biyu su canje su. Ɗaya yana riƙe da igiya, da tafin hannunsa ya ke jin ko ƙarfe yana cin dutse ko ya dakushe. Ɗayan maƙeri ne. In bakin ƙarfe ya mutu sai a jawo shi, a sa a wuta har ya yi ja, su biyun su kama guduma su yi ta duka har ya koma daidai faɗin ramin. Ban da su akwai masu keken doki da ke jigilar ganguna cikin taɓon da ya gauraya da mai, wanda ke cinye gashin ƙafafun dawaki. Da aka shimfiɗa bututun farko mai tsawon mil 5 a 1865, waɗannan 'yan dako suka ga abincinsu zai yanke, suka riƙa fita da dare suna fasa shi, har sai da aka sa masu gadi. Akwai kuma masu harbin rijiya, waɗanda ke zura ruwan nakiya cikin rami don ya farfasa dutse mai ya sami hanya. Wannan ruwa girgiza kaɗan ke tashinsa, a keken doki kuma a ke ɗaukarsa a kan hanya mai gargada, ya hallaka da yawa daga cikinsu.

Wuta ma tun farko ta nuna kanta. Rijiyar Drake ta ƙone a watan Oktoba na shekarar da aka haƙa ta. A watan Afrilu 1861 wata rijiya kusa da can ta yi tsiri, jama'a suka taru kallo, iskar gas ta kama, mutum 19 suka mutu, har da Henry Rouse, ɗaya daga cikin masu rijiyar.

Spindletop da Haƙar Juyi

Haƙar daka tana da kyau a dutse mai tauri, amma ba ta iya rairayi mai zubewa. A wani ɗan tudu da a ke kira Spindletop, kusa da Beaumont cikin jihar Teksas, an yi ta gwadawa rairayi yana kayar da masu haƙa. A watan Oktoba 1900 wani injiniya, Anthony Lucas, ya ɗauko 'yan'uwa biyu, Al Hamill da Curt Hamill, masu aiki da wata dabara dabam, watau haƙar juyi. A nan ba a dukan dutse. Bututu a ke juyawa, a bakinsa akwai ƙarfe mai haƙora, yana murza ƙasa kamar yadda masassaƙi ke huda itace, ana kuma tura ruwa ta cikin bututun ya fito da ɓarɓashi. Da suka ga ruwa zalla ba ya riƙe rairayin, sai suka kora shanu cikin kududdufin da su ke ɗiba, shanun suka tattake shi ya zama taɓo. Taɓon nan ya yaɓe bangon rami ya hana shi rufta. Su uku ne da wani mataimaki, Peck Byrd, kuma tun da ya ke in aka tsai da famfo ramin zai toshe, sai suka riƙa aiki dare da rana suna barci da karɓa-karɓa.

Ran 10 ga Janairu 1901, rami ya kai ƙafa 1,139, suna cikin mayar da bututu sai taɓo ya fara tafasowa. Kafin su ankara, bututun ƙarfe mai nauyin tan da yawa ya yi sama ya fasa kan hasumiya, Curt kuwa yana bisa, da kyar ya sauko da ransa. Sa'an nan mai ya biyo, ya miƙe sama fiye da ƙafa 100, an ƙiyasta ganga 100,000 ko wace rana. Kwana 9 yana zuba kafin su Hamill su shiga ƙarƙashin ruwan man nan su ɗaura masa murfi, suna sane da cewa ƙyastu ɗaya ya isa ya cinye su duka.

Tun daga ran nan haƙar juyi ta yi ta yaɗuwa har ta gaji sana'ar, ita ce kuma ta haifi ƙungiyar ma'aikatan da aka sani a ko wace rijiya a duniya. Ya kamata mai karatu ya san aikin ko wannensu.

Madugun haƙa yana tsaye gefen dandamali, hannunsa a kan birki, idonsa a kan agogon da ke nuna nauyi. Shi ke ɗaga kurar da ke rataye a hasumiya, shi ke sauke ta, in ya yi sakaci na ƙiftawar ido ƙarfen da ya fi babbar mota nauyi zai sauko kan mutanensa. A gabansa akwai 'yan dandamali, biyu ko uku. Bututun haƙa guntu-guntu ne, ko wane guntu ƙafa 30, mai kauri ya kan kai laba 500 ko 600. Duk sa'ad da aka ci ƙafa 30 sai a tsaya a ƙara guntu. 'Yan dandamali su ɗaga wani maƙalin ƙarfe su cusa shi gefen bututu don ya riƙe nauyin abin da ke cikin rami. Su jawo awartaki biyu, ko wanne ya kai tsawon hannun mutum har kafaɗa ya wuce, suna rataye da igiyar waya sabo da nauyi, su maƙala ɗaya sama ɗaya ƙasa, inji ya fizga, gaɓa ta kwance. Su shafa wa sabon guntu maiƙo, su saita bakinsa, sa'an nan ɗayansu ya wurga sarƙa ta nannaɗe bututun, inji ya ja ta, bututu ya juya ya ɗauru. Sarƙar nan ita ce ta fi kome cin yatsu, shi ya sa a dā a kan gane tsohon ma'aikacin rijiya tun daga gaisawa.

Wannan duk ƙaramin aiki ne in aka gwada shi da fitar da bututu. Haƙoran ƙarfe su kan cinye, kuma ba yadda za a sake su sai an zaro bututun duka. Rijiya mai ƙafa 12,000 tana da guntu 400, nauyinsu ya kusa tan 100. A kan zaro su uku-uku, watau ƙafa 90 a ja ɗaya, a kwance, a jingine cikin hasumiya, sau 130 da 'yan kai. In an sa sabon baki a mayar da su kamar yadda aka fitar. A nan ne ɗan bisa ke cin tasa wuyar. Yana tsaye a kan wani ɗan siririn dandamali kimanin ƙafa 90 daga ƙasa, an ɗaure ƙugunsa da ɗamara, sai ya miƙa jikinsa waje bisa sarari, ya zarga wa kan bututu igiya, ya buɗe maƙamar da ke riƙe da shi, ya jawo shi da ƙarfin ƙirji ya jera. Ko ana ruwa, ko ana iska, ko sanyi ya daskarar da ƙarfe, yana nan. An ɗaura masa wata igiyar waya daga bisa zuwa can nesa a ƙasa, wadda zai sulale ta kanta in wuta ta tashi, don tsani ba zai yi masa amfani ba a ran nan.

Taɓon da shanu suka fara kwaɓawa kuwa ya zama ilmi mai zaman kansa. Shi ke sanyaya bakin ƙarfe, shi ke fito da ɓarɓashi, nauyinsa kuma shi ke danne gas da mai kada su taso kafin a shirya musu. Leburori ke ɗaukar buhunan yumɓu da na garin wani dutse mai nauyi, ko wanne laba 100, suna yankawa suna zubawa, tare da soda mai ƙuna wadda ke saɓule fata. In ana fitar da bututu taɓon ya kan fantsamo ya jiƙe mutum tun daga kai har takalmi, dandamali ya yi santsi, a haka zai cika sa'a 12. Aikin ba ya tsayawa don dare ko ranar hutu, gama in bututu ya daɗe bai motsa ba ƙasa ta kan kama shi, kuɗin hayar injin kuma kullum a ke lissafa shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle wannan. Mutum biyar ɗin nan tilas su san motsin juna ba tare da magana ba, don ƙarar inji ba ta barin a ji kira.

Masu dabara sun yi ta rage wuyar kaɗan-kaɗan. A 1909 Howard Hughes ya fito da bakin haƙa mai gangarori biyu masu haƙora, wanda ke niƙa dutse mai tauri. A 1922 James Abercrombie da Harry Cameron suka ƙera makullin da a ke ɗaurawa a bakin rijiya, wanda ke matse bututu ya toshe hanya in gas ya yunƙuro.

Farisa da Ƙasar Larabawa

A 1901 wani attajirin Ingila, William Knox D'Arcy, ya sami izinin neman mai daga Sarkin Farisa. Shi bai taɓa taka wurin haƙar ba. Wanda ya sha rana shi ne injiniyansa, George Reynolds, da mahaƙan da ya ɗauko daga Folan da Kanada, da leburorin ƙasar. Sun yi shekara shida suna fama a wuraren da zafin bazara ke wuce digiri 45, ruwan sha ba kyau, cuta ba ta rabuwa da sansani. Kafin su kai kaya Masjid Sulaiman sai da suka sari hanya cikin duwatsu, ruwan sama ya ɓata ta, suka sake. Masu kuɗi a Ingila har sun gaji sun aiko a shirya nannaɗe tabarma, sai ga mai ya ɓalle da asubar 26 ga Mayu 1908, a zurfin ƙafa 1,180. Bututun da ya kai man Abadan, mil 130 da ɗoriya, dubban alfadarai ne suka yi dakon guntayensa, mutane suka ɗaɗɗaura su da hannu bisa tsaunuka.

A Saudiyya ma rijiya shida aka haƙa a Dammam ba a sami abin kirki ba, sai ta bakwai ta ba da mai ran 3 ga Maris 1938, a zurfin ƙafa 4,727. Makiyaya da masunta da masu nutson lu'ulu'u suka bar sana'arsu suka zama ma'aikatan kamfani. Amma Amurkawa suna gidaje masu na'urar sanyi, 'yan ƙasa suna bukkokin ganyen dabino. A watan Oktoba 1953 dubbansu suka ajiye aiki suna neman ƙarin lada da muhalli na kirki, aka kama shugabanninsu, daga baya kuma kamfanin ya biya waɗansu daga cikin bukatun. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, wannan karin magana ya bi sana'ar mai duk inda ta sauka.

Oloibiri

A Nijeriya an fara gwada haƙa tun 1908, lokacin da kamfanin Nigerian Bitumen Corporation ya huda ramuka a gabar teku gabas da Ikko, aikin ya mutu kafin Yaƙin Duniya na Farko. A 1937 kamfanin Shell D'Arcy ya sake ɗauko neman, ya yi mazauni a Owerri, yaƙi na biyu ya katse shi, aka koma bayan an gama. Rijiya mai zurfi ta farko, wadda aka haƙa a Ihuo a 1951, ba ta ba da kome ba. Ta Akata a 1953 ta nuna alama, amma bai isa ciniki ba.

Kafin a kafa hasumiya a ko ina sai masu awon ƙasa sun wuce, su ne kuma suka fi kowa shan wuya. Aikinsu su sari layi miƙaƙƙe cikin kurmi da fadama, mil bayan mil, su huda ƙananan ramuka, su sa nakiya, su tashe ta, na'ura ta rubuta amsa-kuwwar da ta dawo daga duwatsun ƙasa. A yankin da Kwara ke rarrabuwa ta shiga teku ba hanyar mota. Ɗaruruwan leburori ne ke gaba da adda, suna kutsawa cikin itatuwan ruwan gishiri masu saiwoyi a waje, taɓo wani wuri har gwiwa, wani wuri har ƙirji. Bututu da famfo da waya da akwatunan nakiya duk a ka a ke ɗauke su. Ruwan saman da ke zuba can a shekara ya wuce inci 100, watau ya ninka na Kano sau uku, sauro kuwa ba ya jiran dare.

A watan Agusta 1955, tsakiyar damina, aka fara haƙa a ƙasar Ogbia, kusa da ƙauyen Otuabagi, a yankin Oloibiri wanda ke cikin Jihar Bayelsa ta yanzu. Ta ruwa aka kawo kaya, aka sare daji, aka cike fadama kafin a sami inda inji zai zauna. Turawa ke riƙe da birki da littafin aiki, 'yan ƙasa ke sara da dako da kwaɓa taɓo. A watan Janairu 1956 aka sami mai, rijiyar kuwa ta kai ƙafa 12,008, watau mil 2 da 'yan kai a miƙe cikin ƙasa. Mai karatu ya tuna lissafin guntu 400 da muka yi a baya, ya ƙiyasta sau nawa aka zaro su aka mayar cikin ruwan saman nan. A watan Fabrairu 1958 jirgin farko ya tashi daga Fatakwal da ɗanyen man Nijeriya, ana samun kimanin ganga 5,000 a rana. Cikin shekara 20 man ya ture gyaɗa da auduga da koko, ya zama shi ne ke cika baitulmalin ƙasa.

Sannu a hankali 'yan ƙasa suka hau daga adda zuwa awartaki, daga awartaki zuwa birki. An kafa makarantar koyon aikin mai a Effurun kusa da Warri a farkon shekarun 1970, ƙungiyoyin ma'aikatan mai, NUPENG da PENGASSAN, suka kafu wajen ƙarshensu. Babban kukan da suka daɗe suna yi shi ne na ɗaukar mutum ta hannun ɗan kwangila, ya yi shekaru yana aiki ɗaya da na ma'aikacin dindindin, amma ba fensho, in ya ji rauni kuma a sallame shi. Ita Oloibiri man ta ya ja baya, aka daina ɗiba wajen 1978, aka bar rijiya ta farko da murfinta cikin ciyawa.

Bisa Teku

A 1947 aka haƙa rijiya a Tekun Meziko inda ba a hango gaɓa, daga nan sana'ar ta shiga ruwa. Aikin dandamali bai sake ba, sai dai yanzu an ƙara masa igiyar ruwa da guguwa, ba kuma inda mutum zai ruga. Ma'aikaci ya kan yi mako biyu ko huɗu a kan ƙarfe tsakiyar teku, sa'a 12 kullum, kafin jirgi mai saukar ungulu ya mai da shi gida.

A nan ne aka yi hasarar rayuka mafi yawa. A watan Disamba 1965 Sea Gem ya karye a Tekun Arewa, mutum 13 suka mutu. A watan Maris 1980 Alexander Kielland, wanda ma'aikata ke kwana a kansa a ruwan Norwe, ƙafarsa ɗaya ta ɓalle sabo da wata 'yar tsaga da ta faro daga walda, ya kife, mutum 123 suka tafi cikin 212. A watan Fabrairu 1982 guguwa ta nutsar da Ocean Ranger a gabashin Kanada, duk mutum 84 da ke kai ba wanda ya tsira.

Wanda ya fi su duka shi ne na Piper Alpha, mil 120 daga Abadin ta Sikotlan, daren 6 ga Yuli 1988. Ma'aikatan rana sun cire murfin kariya na wani famfon gas don gyara, ba su gama ba, suka toshe wurin da faifan ƙarfe, aka rubuta takarda cewa kada a ta da famfon. Da aka yi canjin aiki, labarin takardar nan bai kai ga ma'aikatan dare ba. Famfon da ke aiki ya tsaya, suka ta da wancan, gas ya fita ya kama. Famfunan kashe wuta an mai da su sai an kunna da hannu, hayaƙi ya hana a kai gare su. Dandamalan da ke maƙwabtaka suka ci gaba da turo mai da gas ta bututu, don masu kula da su ba su ga suna da ikon tsai da aiki ba sai an ba su umurni. Mutane da yawa suka taru a ɗakin cin abinci suna jiran ceto kamar yadda aka koya musu, hayaƙi ya same su a can. Waɗanda suka tsira, su 61, yawancinsu faɗawa teku suka yi, waɗansu daga tsawon ƙafa 175. Mutum 167 suka mutu. Alƙalin da ya yi bincike, Lord Cullen, ya ba da shawarwari 106 a 1990, aka karɓe su duka, aka kuma ɗora wa ko wane kamfani nauyin ya nuna a rubuce yadda zai kare mutanensa kafin a bar shi ya yi aiki.

Duk da haka ba a rabu da abin ba. A watan Afrilu 2010 gas ya ɓalle wa Deepwater Horizon a Tekun Meziko, makullin bakin rijiya ya kāsa, mutum 11 suka mutu, mai ya yi kwana 87 yana zuba. A watan Janairu 2012 injin haƙa na KS Endeavor ya kama wuta a ruwan Bayelsa, mutum 2 suka rasu, wutar ta yi fiye da wata guda tana ci bisa teku.

Abin da Tarihin Ya Nuna

Tun daga shekarun 1980 injuna sun karɓi wani kashi na aikin. An sami injin da ke juya bututu daga bisa, da wanda ke ɗaurawa da kwancewa a maimakon awartaki da sarƙa, a sababbin dandamali ma madugu yana zaune cikin ɗakin gilashi yana sarrafa kome da 'yan yatsu. Amma tsofaffin injuna ba su ƙare ba, kuma ko a sabon inji sai an sami mai ɗaukar buhu, da mai hawa bisa, da mai sa hannu inda ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe.

Wanda ya bi labarun nan zai lura cewa a kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma binciken da aka yi bayan ko wane babban haɗari ya kan tarar da abin da hannun mutum zai iya gyarawa: walda da ba a duba ba, takarda da ba a miƙa ba, ma'aikacin da ya ga alama ya ji tsoron tsai da aiki kada a kore shi. Ka'idodin da ke kare mai haƙa a yau, tun daga hular kwano har zuwa ikon da aka ba ƙaramin lebura ya ce a dakata, galibinsu sai da aka binne mutane aka rubuta su.

Wannan magana ta matso kusa da mu. A 2011 aka fara ɗibar mai a Agadem ta Jamhuriyar Nijar ana tace shi kusa da Damagaram, a 2019 kuma aka ba da sanarwar samunsa a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe. Samarin da za su nemi abinci a irin waɗannan wurare ya kamata su tafi da sanin abin da awartaki da sarƙa da gas suka yi wa na gabansu, hukuma kuma ta tsaya a kan cewa ɗan kwangila da ma'aikacin dindindin jininsu ɗaya ne. A 2001 an aza harsashin gidan tarihin mai a Oloibiri, a 2023 aka sake ɗaukar aikin. In an zo jera hotunan shugabanni da na manyan kamfani a bangonsa, daidai ne a bar wuri ga masu adda da masu dako na 1955, a nemi sunayensu wurin 'ya'yansu da jikokinsu tun ana iya samu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a bakin aiki, ya kiyaye waɗanda ke kai.